Da Wane Mudu Ake Auna Nasarar Mai Fasaha?

Mai karatu, in ka zauna a majalisar marubuta ko ta 'yan fim, da wuya a tashi ba ka ji an ce "wane ya yi nasara" ko "wance ta haye" ba. In ka nemi dalili, sai a ce maka ai ya sayi mota, ko fim ɗinsa ya karɓu, ko littafinta har bugu na biyar aka yi. Wani ma ya ƙara da cewa ai da kuɗin fim ya sauke farali, ya kuma biya wa mahaifiyarsa. To, duk wannan gaskiya ne, kuma abin a yi murna ne. Sai dai in ka bi tarihin wannan sana'a tun daga tushe, za ka tarar mudun da ake auna nasara da shi ya sha sauyawa cikin shekara 90 da suka wuce. Kuma duk lokacin da aka sauya mudu, sai ka ga an bar jama'a da yawa a ƙasa, mutanen da jiya-jiya ake yi wa kirari. A wannan watan bari mu bi sawun mudun nan, mu ga wa ya riƙe shi a kowane zamani, kuma su wa suka tsira bayan an fasa shi.

ZAMANIN GASA DA ALBASHI

A 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai biyar da kowane ɗan makaranta ya san sunansu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin kansa.

Ka lura da wani abu. Mutanen nan masu albashi ne, akasarinsu malaman makaranta. Babu wanda ya fasa asusunsa ya sayi takarda, babu wanda ya ɗauki littafi a ka ya kai kasuwa. Hukuma ce ta karɓi rubutun, ta gyara, ta buga, ta raba wa makarantu. Saboda haka nasarar marubuci a wancan zamani ita ce hukuma ta zaɓe shi. Shi Imam, wanda aka haifa a 1911, zaɓen da aka yi masa shi ya kai shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, daga nan kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939. Rubutu ya ba shi suna da matsayi, amma cefanen gidansa daga albashi yake fitowa.

Haka abin ya ci gaba a zamanin hukumar NORLA cikin shekarun 1950, da kuma kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966. Ƙofa ɗaya ce, kuma ƙunƙuntacciya. Gasar da NNPC ya shirya ita ta fito mana da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980. Gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta ba mu irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello a 1982. Wanda bai ci gasa ba fa? Sai ya linke rubutunsa ya sa a akwati, gara ta yi masa hukunci.

RANAR DA MARUBUCI YA ZAMA ƊAN KASUWA

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka ɓalle wannan ƙofa. Na farko, masu karatu sun yi yawa. Shirin ilmin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya yaye dubban samari da 'yan mata masu iya karanta Hausa, sannan Hukumar Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ta koya wa magidanta da matan aure karatu. Na biyu, tattalin arziki ya karye. Daga 1986, da aka shigo da shirin SAP, darajar naira ta zube, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta da suke da tabbacin za su sayar. Ga masu ƙishirwar karatu, ga masu labari a ka, amma babu mai haɗa su.

Sai matasa suka ce in ba a yi da mu, to mu yi da kanmu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin na farko-farko da suka nuna hanya. Tsarin mai sauƙi ne a baki, mai wuya a aiki. Ka rubuta labarinka a littafin makaranta, ka kai wa mai tafireta, ka ɗauka zuwa ƙaramar maɗaba'a, ka buga gwargwadon ƙarfin aljihunka. Ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa littattafan nan suke zuwa kashi na 1, na 2, na 3, kuma kullum a tsaya daidai inda rai ya fi so? Jari ne babu. Kuɗin da kashi na ɗaya ya kawo da shi ake buga na biyu. Dabarar talaka ce ta zama salon adabi.

A nan ne marubucin Hausa ya zama abu uku a lokaci guda: mai ƙirƙira, mai zuba jari, kuma ɗan talla. Ɗauki Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda karatun bokonsa a ajin manya na yamma ya fara shi. In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991, labarin Sumayya 'yar mai kuɗi da Muhammad ɗan talaka, kuma kowa ya san yadda littafin ya zagaye ƙasar Hausa har Nijar. Shi da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa da Balaraba Ramat Yakubu da wasu suka tsaya a inuwar ƙungiyar Raina Kama, suna tallata littattafan juna a cikin littattafansu. Ko sunan ƙungiyar kaɗai ya isa ya gaya maka yadda suke jin ana kallonsu.

Mudun wannan zamani shi ne kasuwa. Littafi ya ƙare? An sake bugawa? Wasiƙu nawa suka zo ta adireshin da ke bangon littafi? Marubuci ya samu abin da Imam bai taɓa samu ba, wato 'yancin buga abin da ya ga dama ba tare da jiran sa hannun kowa ba. Amma ya gamu da sabon ubangida, shi ne mai shagon littattafai. Shi zai karɓi kaya bashi, ya biya in ya sayar, wani lokaci da kaɗan-kaɗan har kuɗin su narke ba a ga amfaninsu ba. Ga kuma masu ba da hayar littafi, inda kwafi ɗaya zai bi hannu hamsin marubuci bai ga ko sisi ba. Da tafiya ta yi tafiya, marubuta da dama suka gaji, suka koma sayar wa 'yan kasuwa labarin ɗungurungum a ba su abin da aka ba su. Daga ranar, ko sau goma za a sake buga littafin, nasu sunan ne kawai a bango.

Masana kuma ba su yarda da mudun kasuwa ba. Ibrahim Malumfashi ya kira abin "Adabin Kasuwar Kano", yana ganin yayi ne da zai wuce, yana kuma kukan rashin inganci. Abdalla Uba Adamu ya tsaya a ɗaya gefen yana cewa adabin Hausa ne na zamani, a dube shi da idon rahama. An shafe shekarun 1990 ana gwabzawa a shafukan jaridu irin su Nasiha da New Nigerian, inda Ibrahim Sheme ya buɗe fili. In ka tace muhawarar, tambayarmu ta yau ce: shin wanda ya sayar da yawa shi ne ya yi nasara, ko kuwa wanda za a karanta bayan shekara 50?

KWALI NAWA YA TAFI?

Kafin a gama waccan rigima, sai ga kaset. Akwai finafinan Hausa na silima tun da, irin su Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, amma waɗannan aikin manyan kuɗi ne, ba na yaran unguwa ba. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, da Ibrahim Mandawari a ciki. Wannan shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa kamar yadda muka san ta. Marubuta suka ga hanya, suka shiga mayar da littattafansu fim: In Da So Da Ƙauna, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Ahmed Funtuwa, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba. Zuwa 1999 harkar ta yi girman da ta samu mujallunta, har aka raɗa mata suna Kannywood a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu, shekara 3 kafin a fara jin kalmar Nollywood.

Yadda kuɗi ke zagayawa a zamanin kaset abin a tsaya a duba ne, don a nan ne aka gina arzikin wasu, aka kuma haƙa ramin wasu. Furodusa ya kashe kuɗinsa ya ɗauki fim, ya tace, ya buga kwali, wato bangon kaset mai hotunan 'yan wasa. Sai ya kai wa diloli a Ƙofar Wambai ko Bata. Su ke da kaset ɗin da babu komai a kai, su ke da injinan kwafa, su suka san masu sari daga Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram. Abin da furodusa zai samu shi ne kuɗin kwalin da aka sayar. Shi ya sa tambayar zamanin ita ce, "Kwali nawa ya tafi?" Wanda kwalinsa ya ƙare aka nemi ƙari, shi ne gwarzo. Wanda aka dawo masa da kwali a buhu kuwa, sai dai a ba shi haƙuri.

Da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a daidai shigowar shekarar 2000, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, sai Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya daga Kaduna. Nan fa kowa ya gane waƙa da rawa da kiɗan fiyano su ke sayar da fim, ga shi dama an tashi da kallon finafinan Indiya a silimun Kano irin su Plaza, El Dorado da Marhaba. Dila ya fara tambayar waƙa nawa ce a fim kafin ya tambayi labarin. Wasu furodusoshin ma waƙar suke fara ɗauka, a yi talla da ita, daga baya a nemo labarin da za a liƙa mata. Mutane suka sayar da fili, mata suka sayar da sarƙa, aka yi ta tururuwa zuwa lokeshin. Kaɗan suka dace. Da yawa fim ɗaya suka yi, jarin ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kuma da yake dila shi ya fi kowa sanin abin da ke shiga da abin da ke fita, ba a daɗe ba diloli suka fara shirya nasu finafinan, furodusan da ya kawo su ya koma ɗan kallo.

DA GUGUWA TA TASO

Akwai kuma wani mudu da kasuwa ba ta san da shi ba, shi ne na al'umma da hukuma. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A wannan shekarar ce kuma wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa ya sa aka sake dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka shiga kame da gurfanarwa. 'Yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna.

Labarin Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama shi ya fi nuna yadda mudu biyu ke iya karo da juna. Fim ɗinsa Tsintsiya, mai kira ga zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, ya ci kyauta a bikin finafinai na Zuma a Abuja a 2008. A cikin shekarar nan dai aka kama shi a Kano bisa zargin sakin fim ɗin ba tare da izinin hukumar tacewa ba, zargin da ya musanta, aka kuma yanke masa hukuncin ɗauri a ƙarshen shekarar. Daga baya babbar kotu ta soke hukuncin, amma ya riga ya sha zaman gidan yari. Fim ɗaya, shekara ɗaya, kambi a Abuja, kurkuku a Kano. To mai karatu, da wane mudun za ka auna shi?

KASUWA TA WATSE

Kaset ya ba wa faifan CD wuri, CD ya ba DVD, kowanne kuma ya fi na bayansa sauƙin sata. Abin da ya ƙarasa kasuwar shi ne wayar hannu. Da masu tura fim a waya suka cika bakin titi, suna zuba wa mutum finafinai da yawa da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, sai shagunan Ƙofar Wambai suka fara komawa sayar da wasu kayan. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 zancen "kwali nawa ya tafi" ya zama tarihi. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, aka koma ɗan wasa mai kwantiragi. Wasu suka gwada silimar zamani, kamar yadda Ali Nuhu ya yi da Mansoor a 2017. Daga 2020 kuma finafinai masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa talabijin da YouTube su ne sabuwar kasuwa. Marubuta ma suka koma Wattpad da WhatsApp, ana biya kafin a karanta, ga kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016. Sabon mudu ya zama yawan masu kallo da mabiya. Shi ma kuma a hannun wani yake, kamfanin da ke can Amurka wanda in ya sauya ƙa'idarsa da daddare, da safe sai dai ka ga kuɗinka ya ragu.

A 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana fitowa a matsayin uwa, ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake biyan ta a fim ba ya wuce 'yan dubbai kaɗan. Wasu manyan furodusoshi suka fito suka musanta, aka yi ta cacar baki. Ko ma wane ɓangare ka bi, ka san sau nawa ka ji ana neman taimako don jinyar wani tsohon ɗan wasa da fuskarsa ta sayar da dubban kaset. Suna ba ya biyan kuɗin asibiti.

SU WA SUKA TSAYA?

Yanzu waiwaya ka dubi waɗanda guguwa huɗu ko biyar ta wuce ta bar su a tsaye. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma ajin manya. Tun daga Budurwar Zuciya a 1987 zuwa Wa Zai Auri Jahila?, magana ɗaya take yi: a bar 'ya mace ta yi karatu, a daina wulaƙanta matan aure. An zage ta, an yi mata barazana, ba ta sauya ba, kuma ba ta bi yayi ba. A 2012 kamfanin Blaft da ke Chennai a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ka ji ikon Allah, ƙasar da ake cewa marubutanmu na kwaikwayo ita ta zo neman labarinmu.

Gidan Dabino kuwa kamfaninsa ya kafa, ya riƙe haƙƙin littattafansa a hannunsa, ya kuma shiga buga na wasu. Da kasuwar soyayya ta ja baya, yana da abin yi. A 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. Ali Nuhu ya ƙi tsayawa a matsayin jarumin da ake haya, ya gina FKD, ya koyi ba da umarni, ya tsallaka finafinan Kudu, ya yaye yara, har a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Shi kuwa Imam, wanda ya rasu a 1981, jikokin waɗanda suka fara karanta shi ne ke karanta shi yau.

Mutum huɗu, buri huɗu. Wata saƙo ta sa a gaba, wani mallaka, wani gina ma'aikata, wani kuma ingancin harshe. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya san abin da ya fito nema tun kafin kasuwa ta gaya masa, saboda haka da kasuwar ta juya baya bai rasa alƙibla ba. Wanda kuwa bai da mudu sai na dila, ranar da dila ya rufe shago shi ma ya rufe.

Don haka ƙanena mai shirin fitar da littafin farko, da ke ƙanwata mai tara kuɗin fim, ku zauna ku yi wa kanku tambayoyin da tarihin nan ya bar mana. Bayan shekara 10, aikin nan na wa zai zama, naka ko na wanda ya ba ka 'yan kuɗi yau? An rubuta yarjejeniya, ko kuwa "ai mun saba" ce? In fim ɗin bai karɓu ba, akwai abin da za a ci a gida, ko har da jarin mahaifiya aka haɗa? Za ka iya zama da 'ya'yanka ku kalla, ko ku karanta, ba ka sunkuyar da kai ba? Waɗanda suka yi maka aiki, tun daga mai riƙe fitila har tsohuwar da ta fito a uwa, ka sallame su yadda za su yi maka addu'a? Neman kuɗi da fasaha ba abin kunya ba ne, sana'a ce kamar ƙira da saƙa, kuma mai fasahar da ke jin yunwa shi ya fi saurin sayar da aikinsa da araha. Abin gudu shi ne ka ari mudun wani ka auna rayuwarka da shi.

Kai ma mai karatu da naka kason. Duk littafin da ka karɓa a waya kyauta alhali na sayarwa ne, duk fim ɗin da aka tura maka a bakin titi, wani ne ya yi asarar barcinsa da jarinsa a kai. In kana son gwaninka ya daɗe yana yi, to ka biya. Muna jiran ra'ayoyinku a shafin wasiƙu: a cikin marubuta da 'yan fim ɗin da kuka sani, wa kuke ganin ya yi nasara, kuma da wane mudu kuka auna? Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa wa sana'ar albarka.